Masu tseren babur: ya ake yi su faɗi da wannan gudun kuma su miƙe?

Abu_Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu bin tseren babur na MotoGP, wato babbar gasar babur ta duniya, ku fahimtar da ni wani abu. Akwai bidiyon nan da ke ta yawo na wani ɗan Italiya mai suna Bagnaia, a Basalona, babur ya cilla shi sama ya faɗo a tsakiyar titi ga sauran babura na tahowa a bayansa, ɗaya ma ya bi ta kan ƙafarsa. Duk wanda ya gani zai ce ƙafar nan ta tafi, amma sai ga shi ana cewa ko karaya bai samu ba. Mu kuma a nan mutum zai faɗi a kan Boxer yana gudun da bai taka kara ya karya ba, sai ka ji an ce yana asibitin ƙashi ko ma an yi jana'iza. Kayan da suke sawa ne ke wannan aikin ko akwai abin da ba a nuna mana?

Abin da ya sa na damu, ƙanina ya sayi babban babur irin mai ƙarar nan, suna fita da abokansa ranar Asabar suna gwada gudu a bayan gari. Kwanaki ya zame ya karye a hannu, ba a daɗe da cire masa simintin asibiti ba, yanzu har ya fara zancen komawa, wai ai su Marquez, zakaran tseren nan, da karaya suke hawa. Hana shi ba zai yiwu ba, babba ne kuma da kuɗinsa ya saya. To wane kaya ya fi muhimmanci ya fara saya, kuma yaushe ya kamata ya koma hawa?

Sadiq93:

Wa alaikumus salam Abu Hanif. Bidiyon gaskiya ne ba haɗi ba ne, a watan Satumba na 2023 ne, zagayen farko kwana ta biyu, wanda ya taka shi kuma Brad Binder ne ɗan Afirka ta Kudu, babu yadda zai yi ya kauce. An kai Bagnaia asibiti aka duba babu karaya sai ƙujewa da kumburi, sati na zagayowa ya hau babur a filin tseren Misano na Italiya ya zo na uku, kuma shi ya ɗauki kofin duniya a shekarar.

Kayan suna aiki sosai, wannan babu ja. Rigar da kake gani ɗinki ɗaya ce tun daga wuya har idon sawu, ta fata, yawanci fatar kangaru saboda ta fi ta saniya rashin nauyi kuma ba ta saurin yagewa idan ana jan ta a kwalta. A cikinta akwai matashi mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, akwai wani faranti da ke kwance a gadon baya yana kare laka, akwai na ƙirji. Safar hannun ma ka lura da kyau, ƙaramin yatsa a ɗinke yake da na kusa da shi don kar ya banƙare ya karye lokacin da hannu ke jan ƙasa. Takalmin yana da wani ƙwarangwal a ciki da ke hana idon sawu murɗewa. Sai babbar magana, jakar iska, wadda aka wajabta tun 2018. Akwai 'yar kwamfuta a cikin rigar mai auna motsin jiki, da zarar ta gane cewa wannan jujjuyawar ba ta tuƙi ba ce faɗuwa ce, sai ta hura iska a kafaɗu da saman jiki tun mutum yana sama bai taɓa ƙasa ba. Shi ya sa za ka ga wanda ya faɗi ya miƙe a kumbure. Kamfanonin Dainese da Alpinestars ne suka yi fice a kanta.

Misalin da ya fi na Bagnaia ban tsoro shi ne na Marc Marquez a filin tseren Mugello na Italiya a 2013, lokacin gwaji, babur ya ƙwace masa a miƙaƙƙiyar hanya yana gudun kilomita 337 a awa, da ya ga zai daki katanga sai ya saki babur ɗin ya faɗa ƙasa da kansa. Haɓarsa ta kumbura sosai amma ranar Lahadi yana cikin tseren.

Sai dai fa kar ka tsaya a kan kaya kawai. Filin tseren shi kansa an gina shi ne don a faɗi a ciki. Bayan kowace kwana akwai fili mai faɗi na kwalta da tsakuwa inda mutum zai yi ta zamewa har gudun ya ƙare, babu falwaya, babu kwalbati, babu tirela mai zuwa ta gaba, inda katanga take kusa an jingina mata katifun iska. Likitoci suna bakin hanya, akwai asibiti a cikin filin, jirgi mai saukar ungulu yana ajiye, idan ma yanayi ya hana jirgin tashi kuma babu wata hanyar kai mutum asibiti da wuri to dakatar da komai ake yi. Gudu shi kaɗai ba shi ya fi kashe su ba, tsayawa farat ɗaya a jikin abu mai tauri ne.

Kuma suna mutuwa ɗan'uwa, ba a cika yaɗa waɗannan bidiyoyin ba ne kawai. Marco Simoncelli ya rasu a Sepang ta Malesiya ranar 23 ga Oktoba 2011 yana da shekara 24, ya zame amma bai rabu da babur ɗin ba, sai ya jawo shi ya dawo tsakiyar hanya gaban Colin Edwards da Valentino Rossi, suka buge shi har hular kwanonsa ta fita. Rossi kuwa amininsa ne, har yau ba na iya sake kallon wajen. A 2021 Jason Dupasquier ɗan Suwizalan mai shekara 19 ya rasu bayan hatsari a Mugello, shi ma na baya ne ya buge shi, kuma a shekarar an rasa wasu yara biyu 'yan shekara 14 da 15 a ƙananan gasa, abin da ya sa aka ɗaga shekarun shiga gasar duniya zuwa 18 daga 2023. Duk waɗannan suna sanye da kaya mafi tsada a duniya. Kayan suna kare ka daga kwalta da buguwar faɗowa, amma idan wani babur ya same ka a wuya ko ƙirji da gudu, sai dai Allah ya kiyaye. Da tayar Binder ta hau ƙirjin Bagnaia ba ƙafa ba, da wani labarin muke yi yanzu.

Maman_Ilham:

Malam Abu Hanif sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa ƙaninka lafiya. Ni aikina gashin ƙashi ne a asibiti, kuma maganar nan ta "su Marquez da karaya suke hawa" ita ta sa na kasa wucewa ban yi magana ba, domin Marquez ɗin da ya kawo shi ne babban misalin illar gaggawa.

A watan Yuli na 2020 ya faɗi a Jerez ta Sifaniya ya karya ƙashin damtsen dama. Aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe, ko sati ba a yi da karayar ba ya koma kan babur yana gwaji, hannun ya ƙi, ya haƙura. Farkon Agusta ƙarfen da aka sa ya karye, an ce wajen buɗe wata babbar taga a gida ne, amma ai ƙarfen ya riga ya sha wahala. Aka sake buɗe hannun. Ƙashin ya ƙi haɗewa, a Disamba aka yi tiyata ta uku aka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa aka dasa, sannan aka gano ƙwayar cuta ta shiga wajen. Shekarar gaba ɗaya ta tafi. Ya dawo a 2021 har ya ci wasu tsere amma da hannu ɗaya da rabi yake tuƙi, saboda ƙashin ya haɗe a murɗe da kusan digiri 30. A watan Yuni na 2022 ya tafi asibitin Mayo a Amurka aka sake yanke ƙashin aka juya shi daidai, tiyata ta huɗu kenan. Ga kuma matsalar ido da ta yi ta dawo masa bayan buguwar kai, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Mutumin da ya ɗauki kofi a 2019 bai sake ɗauka ba sai 2025, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa dawowar da ya yi da wuri kuskure ne. Wannan fa mutum ne mai likitoci nasa na kansa da mai gasa masa jiki kullum.

Samari sun fi son labarin Jorge Lorenzo, wanda a 2013 ya karya ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa ranar Alhamis a Assen ta Holan, aka ɗauke shi a jirgi zuwa Basalona aka sa masa ƙarfe da kusoshi, ranar Asabar ya shiga tsere ya zo na biyar. Amma ba sa ƙarasa labarin, sati biyu bayan nan ya sake faɗuwa a Jamus ƙarfen ya lanƙwashe aka koma ɗakin tiyata.

Cire siminti ba warkewa ba ne, dan Allah a gane wannan. Ƙashin babban mutum yakan ɗauki kamar sati shida zuwa sha biyu kafin ya kama, ƙarfinsa na da kuwa sai an yi watanni. Hannun da ya fito daga siminti za ka gan shi ya rame, fatar tana saɓa, wuyan hannun ya sandare ba ya lanƙwasa zuwa baya, ka ce ya matse yatsunka biyu za ka ji riƙon babu ƙarfi. To wannan hannun ne zai damƙi birki ko kuloci a lokacin da akuya ta faɗo hanya? Ya koma wajen likitan ƙashin da ya duba shi a sake hoto a tabbatar ya haɗe, ya yi gashi yadda aka tsara masa, sai ƙarfin riƙonsa ya kusa daidai da na ɗaya hannun kuma yana iya dafa ƙasa ya ɗora nauyinsa ba zafi, sannan a fara maganar babur. Idan kuma a faɗuwar farko kansa ya bugu, ko da hula, a faɗa wa likita, musamman in yana ciwon kai ko jiri ko mantuwa.

Baba_Sule_Gareji:

Salamu alaikum. Ni ban san su Markes ba, yarona ne ya karanta min zancen na ce bari in sa baki, don gyaran babur ne sana'ata kuma na yi acaɓa kafin a hana ɗaukar fasinja a Kano a 2013.

Hular kwano ita ce farko, ita ce ta biyu. Amma hula ba a ɗaure ba daidai take da babu. Mafi yawan yaran nan ɗora ta suke yi a ka igiyar tana reto, da an yi karo hular ta riga mutum tashi. An taɓa kawo min wani babur da ya yi hatsari tare da hular mai shi, irin mai rufe fuska duka, gefen haɓar ya cinye har ana ganin zaren ciki, gilashin ya karce fari fat, da na cire soson da ke taɓa kai sai na ga farin abin nan na ciki ya lotsa daidai goshi ya tsage. Mai ita da ƙafarsa ya zo karɓar babur ɗin. Wannan cinyewar da ke haɓar hular, da a fuskarsa za ta kasance. Shi ya sa ban yarda da rabin hula ba mai barin baki da haɓa a waje.

Farin abin nan na ciki, mai kama da wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali, shi ne ainihin hular, shi yake murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙwaƙwalwa, kuma sau ɗaya yake yi. Hular da ta taɓa shan bugu ta gama aiki ko da bayanta yana ƙyalli. Don haka kar a saya masa ta gwanjo, ba ka san tarihinta ba. Haka hular leburorin gini ba ta babur ba ce. Lokacin da 'yan Road Safety suka tilasta sa hula a farkon 2009 mun ga masu kifa ƙwarya da robar fenti a ka don gudun kamu, mutane suna ta dariya, amma wasu da na sani a tasharmu sun tafi ta dalilin buguwar kai da hular kirki za ta iya tarewa. Allah ya jiƙansu.

Bayan hula sai safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Duk wanda zai faɗi tafin hannu yake fara kai wa ƙasa, kuma ban san adadin waɗanda silifas ya jawo musu asarar yatsun ƙafa ba. Sannan dan Allah in an ƙuje a daina zuba man birki ko fetur a ciwo, ruwa mai tsafta da sabulu a wanke ƙasar, a je a yi allurar tetanus.

Habu_Maraɗi:

Ni kam ina da ja kaɗan, ba a kan amfanin kayan ba, a kan abin da za su sa yaron ya ji a ransa. Saurayin da ke gudun 120 da riga 'yar shara, ranar da ka sa mishi rigar fata da hula ta miliyan sai ya ga ya zama Rossi ya ƙara wuta. Abokan nan nashi da suke gwada gudu a kan hanyar da kowa ke bi, su ne matsalar da ta fi rashin kaya.

In kuna son ganin abin da ke faruwa idan aka yi tsere a hanyar gari, ku dubi gasar tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan, wadda ake yi tun 1907. Hanyar mutane ce ake rufewa, zagaye ɗaya wajen kilomita 60, ana ratsa ƙauyuka da katangun dutse da turakun waya. Ƙwararru ne, kayansu babu na biyunsu, an hana kowace mota shiga, amma sama da mutum 250 sun mutu a kan wannan hanya, a 2022 kaɗai mutum biyar suka rasu cikin sati biyun gasar, har da wani uba da ɗanshi a kan moto guda. To ina ga hanyar da ba a rufe ba, ga ramuka ga shanu ga mai a-daidaita da zai yi kwana ba sigina?

Kuma ko a filin tsere ba kowa ke miƙewa ba. Wayne Rainey ɗan Amurka ya ɗauki kofin duniya sau uku a jere, a 1993 ya faɗi a Misano laka ta taɓu, tun daga ranar a keken guragu yake. Mick Doohan ɗan Ostareliya saura ƙiris a yanke mishi ƙafa a 1992, sai da likitan gasar Claudio Costa ya ɗauke shi zuwa Italiya ya ɗinke ƙafafun biyu wuri guda don mai lafiyar ta ciyar da mai ciwon jini. Ya warke ya ci kofi biyar daga 1994 zuwa 1998, amma ƙafar ba ta ƙara iya taka birkin baya ba, sai da aka yi mishi na babban yatsan hannu. A saya mishi kayan, na yarda, amma Malam ka zaunar da shi kai da mahaifinku a yi maganar tseren nan na ranar Asabar, kuma ka tuna mishi ba ranshi kaɗai ke kan hanyar ba, akwai yaran mutane masu tsallakawa.

Abu_Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Ilham zan kai shi a sake hoton in sha Allahu, Baba Sule na gode, Malam Habu maganarka ta shige ni. Saura abu biyu, ya zan gane hula ta gaske a kasuwa tunda kowacce da sitika a jikinta, sannan rigar fata a zafin nan namu anya zai iya sawa?

Sadiq93:

Sitikar baya kowa na iya bugawa, kar ka dogara da ita. Duba igiyar haɓa, hular da ta cika ƙa'idar Turai tana da wani ƙyalle a ɗinke a jikin igiyar, da harafin E da lamba a cikin da'ira, a ƙasa kuma doguwar lamba mai farawa da 05 ko 06, ta 06 ita ce sabuwar ƙa'ida kuma gwajinta ya fi tsanani. In ka ga harafin P a jerin to an gwada kariyar haɓar, J kuwa buɗaɗɗiya ce. Shi ma ƙyallen ana iya yin jabunsa, don haka ka ɗaga soson ciki ka danna farin abin da Baba ya faɗa, ya zama mai kauri da tauri, kuma in hular ta cika rashin nauyi ko kana iya matse gefunanta da hannu su lotsa, ajiye musu kayarsu. Maɗaurin da ya fi aminci shi ne mai zobba biyu da ake zura igiya a ciki, shi ake amfani da shi a tsere. Ku je da shi ya gwada, ta kama kumatunsa sosai, in ya girgiza kai kar ta yi lilo, ya ɗaure igiyar yadda yatsa biyu kawai za su shiga, sai kai ka kama ta ta ƙeya ka ja gaba da ƙarfi, in ta fita ba tasa ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Maganar zafi gaskiya ce, rigar fata a watan Afrilu ba mai iya jure ta a cikin gari, kuma rigar da aka bari a rataye a ɗaki ba ta kare kowa. Akwai jaket na masu babur mai raga-raga da iska ke ratsawa, da matashin kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, ka duba tambarin CE na ƙa'idar Turai a jikin matashin, mai lamba 2 ya fi mai lamba 1 shanye bugu. Yawancinsu soso ne kawai a aljihun baya, sai ka sayi farantin bayan daban ka zura. Wando ma akwai irin jins mai wani zare mai ƙarfi da ake kira Kevlar a ciki da kariyar gwiwa, jins na kasuwa kuwa nan take kwalta ke cinye shi. Jaket da takalmi in sun zo a gwanjo masu kyau babu laifi matuƙar ɗinkin da zif ɗin lafiya lau suke, hular ce dai sai sabuwa. In kuɗin ba za su kai duka a lokaci ɗaya ba, hula da safar hannu da takalmi tukuna, jaket ɗin ya biyo baya kafin likita ya sallame shi, tunda dama yana da sauran watanni a ƙasa.